Ƙadangaren da Aka Ɗaure a Motar Aƙilu

Sunana Mamman, tela ne ni, kuma shagona yana kallon zauren gidan su Aƙilu a Ƙofar Kibo tun kafin a kawo wutar lantarki layinmu. Tare muka yi makarantar allo da shi. Don haka idan na ce an zalunci mutumin nan, ba hirar teburin mai shayi nake maimaitawa ba. Wani abin a gabana aka yi, sauran kuma daga bakinsa na ji, kuma Aƙilu ba ya ƙari a magana. Ragewa ma yake yi.

Mahaifinsa malami ne, ya so ɗansa ya gaje shi a kan buzu. Aƙilu ya yi sauka, ya ɗan taɓa littattafai, sannan ya ce shi mota yake so. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, bai sauya ba. Ya yi shekaru yana tuƙi a wani kamfanin gurzar auduga, har lokacin da abubuwa suka taɓarɓare a ƙarshen shekarun tamanin aka rufe wurin, aka sallame su. Ya haɗa abin sallamarsa da gonar gadonsa ta bayan ganuwa, ya sayi Fijo a-kori-kura, fara, ta hannu. Da ita yake ɗauko hatsi da albasa daga ƙauyuka zuwa kasuwar birni, da ita yake ciyar da matarsa Jummai da 'ya'yansu, waɗanda babbarsu ita ce Safiyatu.

Ban taɓa ganin mutumin da ke riƙe da mota kamar yadda Aƙilu ya riƙe wannan ba. Bayanta na kaya ne, duk abin da ya same shi ya same shi. Amma gaba, inda yake zama, ya fi ɗakin wasu amaren tsabta. Ba a cin goro a ciki, ba a ɗora ƙafa, kuma kullum da safe sai ya goge dashbod, wato allon da ke gaban sitiyari, da tsumma mai laushi. Mutum ne mai saurin fushi, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa sauke wani dillali a tsakiyar hanya saboda ya tofa yawu ta taga iska ta mayar da shi jikin ƙofa. Amma ba ya cin amanar kowa, kuma idan ya ce zai zo bayan sallar asuba, kafin ka naɗe darduma za ka ji ƙarar injinsa.

A bazarar 1997 Zailani ya zo masa da aiki. Zailani ɗan Alhaji Nasidi ne, asalinsu 'yan unguwarmu ne kafin Alhaji ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya gina babban gida a Tudun Jukun. A gabanmu yaron ya girma, Baba yake kiran Aƙilu. Ya karanta aikin safiyo, yana aiki a wani ofishin gwamnati a Kaduna, mutane na ce masa Injiniya. Ya ce wani ɗan kwangila zai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, an ba shi aikin zagayawa ya tantance inda za a haƙa kowace, yana neman mota mai ƙarfi da direban da ya san daji, ranakun Asabar da Lahadi.

A bencin shagona suka zauna. Zailani ya buɗe jaka ya fito da wani abu baƙi kamar ƙaramar rediyon hannu, da ɗan gilashi a fuskarsa da maɓallai a ƙasa.

"Wannan shi ake kira GPS, Baba," in ji shi. "Akwai taurarin ɗan'adam da aka harba sama. Shi sauraronsu yake yi, sai ya nuna maka da lambobi daidai inda kake tsaye a doron ƙasa. In na rubuta lambar, mai haƙa rijiya zai zo daidai wurin ko da ba na nan."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Tuƙi kawai. Sai dai ba ya son rufi a kansa. Dole ya riƙa ganin sama."

Aƙilu ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Ashe ƙadangare ne, sai an shanya shi a rana." Daga ranar sunan ya bi shi, har Zailani ma haka yake ce masa.

Matsalar ita ce inda za a ajiye ƙadangaren a cikin mota. Zailani yana so ya kasance a kunne duk tsawon tafiya, don ya riƙa zana hanyar da suka bi, babbar motar haƙa ta san ta inda za ta shiga. Idan ya sa shi a aljihu ko a cinya, rufin mota ya tare shi, sai ya rasa taurarin, a tsaya ana jira ya sake kamo su. Da farko ya riƙa miƙa hannu ta taga yana riƙe da shi. Kafin azahar hannu ya sage, ƙayar hanya ta kakkarce shi. Sai ya ɗora shi kawai a kan dashbod, ƙarƙashin gilashin gaba.

A kwalta ya zauna lafiya. Da suka sauka hanyar gargada ta wajen Giwa sai ya fara rawa, yana zamewa hagu da dama. Suna gangarawa wani rafi ke nan, inda mata ke wanki a bakin mashigi, mota ta faɗa rami, abin ya yi tsalle ya faɗo ƙafafun Aƙilu, ya shige ƙarƙashin birki. Aƙilu ya taka birki, birki ya ƙi sauka. Da giya da birkin hannu ya rage wa motar gudu, ya karkatar da ita cikin yashi, ta tsaya kusa da kwandon wankin wata tsohuwa. Ya fito daga motar. Ya waiwaya ya ga Zailani ya sunkuya ya zaro na'urar, yana goge gilashinta da bakin riga yana dubawa ko ya fashe. Bai dubi tsohuwar ba, bai dubi direbansa ba.

"Ko ka ɗaure abin nan, ko ka nemi wata motar," Aƙilu ya ce masa. "Ba zan kashe mutane saboda ƙadangare ba."

Sati na gaba Zailani ya kawo wata roba mai kama da bakin kofi, wadda ake dannawa a jikin gilashi ta manne, da ɗan hannu da ke riƙe na'urar. Da safe ta kama. Da rana ta take, gilashi ya yi zafi, robar ta saki, abin ya sake faɗowa, wannan karon a cinyar mai shi. Suka jiƙa ta da ruwa, suka jiƙa ta da yawu, ba ta ƙara riƙewa ba. Wanda ya ƙera ta bai san ranar bazarar Zariya ba.

Sai Zailani ya yi abin da ya kusa raba su. Aƙilu ya shiga masallacin wani ƙauye yin la'asar, kafin ya fito yaron ya samo salatif mai faɗi ya naɗe na'urar a kan dashbod, ya ƙara da gam a ƙasa. Da suka dawo gida gam ya narke ya bi jikin dashbod, salatif ya bar baƙin danƙo. Ina zaune a kan keken ɗinkina nake jin muryar Aƙilu har cikin shago. Ya wuni washegari yana gogewa da kananzir, tabon bai fita duka ba.

"To Baba a huda mana," in ji Zailani. "Ƙananan ramuka biyu, a ɗaure da kusa, an gama. Ai mota ce, ba fatar mutum ba."

"In ka sayi taka ka huda," Aƙilu ya ce.

Nan na shigo cikin maganar. Na ɗinka musu wata 'yar jaka da ragowar yadin kaki, na cika ta da yashi mai laushi, na yi mata aljihu a sama inda na'urar za ta kwanta, da igiya mai zagaye ta. Nauyin yashin ya hana ta zamewa, ta yi musu aiki na ɗan lokaci. Amma a kwance take, Zailani sai ya miƙe daga kujera kafin ya karanta lambobin, kuma in aka faɗa babban rami jakar da abin da ke cikinta tare suke tashi.

Bahago ne ya gama maganar, wani mai walda da ke bakin kasuwar birni. Ya shiga motar ya zauna yana kallo, ya ga kusoshi biyu da ke riƙe da ɗan akwatin zuba tokar taba, wanda Aƙilu bai taɓa amfani da shi ba. Ya cire akwatin. Ya yanko ƙarfen tsohon gado mai faɗi, ya lanƙwasa shi ya yi kamar hannu mai yatsu uku, ya naɗe yatsun da robar cikin taya don kada su ji wa na'urar ciwo, ya ɗaure gindin a ramukan kusoshin nan da ke akwai. Ba a huda komai ba. Ya sa noti mai fiffike irin na keke a gwiwar ƙarfen, ana iya karkatar da shi ya kalli sama ko ya kalli mai karatu. Da yake abin yana shan batir kamar me, wani mai gyaran wutar mota ya jawo masa waya ja da baƙa daga ramin kunna taba. Daga baya Zailani ya kawo eriya mai mayen ƙarfe da ake ɗorawa a kan rufi, wayarta ta biyo ta saman ƙofa. Aƙilu ya shimfiɗa mata ƙyalle a ƙasa don kada ta karce fenti. Ni kuma na ɗinka wa na'urar 'yar rumfa, saboda in rana ta dake ta gilashin yakan yi baƙi ƙirin.

Daga nan ƙadangare bai ƙara motsi ba. Kuma gaskiya Aƙilu ya ji daɗin abin. Yakan tsayar da mutane ya nuna musu yadda notin ke juyawa. Aikin ma ya shiga ransa. Ya ga ƙauyukan da mata ke tona yashin rafi suna jiran ruwa ya tsatso cikin ƙwarya, ya ga yara masu kumburin ciki. Duk inda suka tsaya aka ji masu rijiya ne, sai a fito da fura da ƙwai. Shi ne ke yi wa dagatai bayani, domin Zailani ba ya iya magana ba tare da ya haɗa da Turanci ba. Da bakinsa ya riƙa ce wa mutane, in Allah ya yarda, kafin wata bazarar za su sha ruwan famfo.

Da damina ta faɗi suka nufi wasu ƙauyuka ta hanyar Birnin Gwari. Lokacin mulkin soja ne, ana ta jin labarin tashin bama-bamai a kudu, shingayen bincike sun cika hanyoyi. Sun sha wuce irinsu, a leƙa bayan mota a ce su tafi. Ran nan da hantsi wani mai kaki ya leƙo ta tagar direba. Ya ga ƙarfe a ɗaure, ya ga waya ja da baƙa, ya ga lambobi suna sauyawa a gilashi, ya ɗaga kai ya ga eriya a kan rufi. Ya ja da baya ya ɗaga bindiga.

"Mene ne wannan yake ƙirgawa?"

Aka fito da su, aka kwantar da Aƙilu a kan kwalta. Babbansu ya zo ya tambaya na wane ne, kuma ina takardar izinin yawo da shi. Aƙilu bai damu ba sosai, domin ya san mai amsa yana tsaye. Sai ya ji Zailani yana magana da Turanci, a hankali, cikin ladabi. Aƙilu ya yi aiki da Turawa a kamfanin auduga, yana jin abin da ake faɗa ko da ba ya mayarwa. Zailani ya nuna katinsa na ma'aikacin gwamnati, ya ce shi fasinja ne, a hanya ya tare motar za shi gaishe da wani ɗan'uwansa, kuma yadda suka ga abin nan haka shi ma ya tarar da shi.

Aƙilu ya ɗago kai daga kwalta ya ce, "Zailani, dube ni."

Bai dube shi ba. Ya ɗauki jakarsa, aka tsayar masa da wata mota mai komawa Zariya, ya shiga.

Daga baya muka san dalili. Na'urar ta ofishinsu ce, ya ɗauko ta daga sito ba da sanin kowa ba yana yin aikin kansa da ita. In ya ce tasa ce, za a tambayi ofis, aikinsa ya tafi. Ya auna aikinsa da ran Aƙilu a tsaye a bakin hanya, bai ɗauki lokaci ba wajen zaɓa.

Mu a gida ba mu san komai ba. Mota ba ta dawo ba, mai ita bai dawo ba. Mun zaga asibitoci, mun tambayi direbobi a tasha, sai wani mai ɗaukar itace ya ce ya ga a-kori-kura fara a wani shinge an zagaye ta da duwatsu. An wuce da Aƙilu Kaduna, wani wuri da har yau bai san sunansa ba. Tambayoyin masu tsare da shi ba sa sauyawa: wa ya aiko shi, me zai tarwatsa, wa ya ƙera ƙarfen, wa ya ja wayar. Sunan Zailani ya faɗa musu har muryarsa ta dushe. Sun je ofishin su Zailani, ya maimaita abin da ya faɗa a hanya, manyansa suka ce yaron kirki ne ɗan gidan mutunci, aka rufe wannan ƙofar. Sunan Bahago kuwa, da na mai wutar mota, da nawa, bai fito daga bakinsa ba. Ya ce musu shi ya ƙera, shi ya ja waya, shi ya ɗinka rumfar. Ya san in ya ambaci ɗayanmu, kafin la'asar muna gefensa. A kan wannan amsar aka mare shi da wani abu mai nauyi, kunnensa na hagu bai ƙara ji ba.

Jummai ba mai fita ba ce, amma ta sa mayafi ta ce in raka ta Tudun Jukun. Alhaji Nasidi ya karɓe mu a falo, aka kawo lemo. Motar Zailani na cikin gida, muna ganinta ta taga. Bai fito ba.

"Malam Mamman, abin nan ya dame ni ƙwarai," in ji Alhaji. "Amma lokacin da muke ciki sai a hankali. Wanda ya sa kansa a irin wannan magana, shi ma tafiya za a yi da shi. Yaron nan yana da iyali, ga aikinsa. A yi haƙuri, a dage da addu'a."

Jummai tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, shi maigidana ba shi da iyali ne?"

Alhaji ya dubi agogonsa, ya ce lokacin salla ya gabato.

Ba gidan Alhaji kaɗai nake jin haushi ba. Unguwarmu ma ta ba ni kunya. Mutanen da Aƙilu ya kai matansu asibiti, ya ɗauko musu gawa daga nesa bai karɓi ko na mai ba, suka daina zama a dakalin zaurensa. Wasu har sauya hanya suke yi. Aka fara raɗa cewa dama mutum mai irin wannan fushin ba a san abin da ke cikinsa ba. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da Jummai ke yi aka ci abinci a gidan nan duk daminar, Safiyatu ta bar makaranta tana taya ta suya. Bahago ne kawai ke zuwa duk Juma'a da ƙullin hatsi, ya ajiye a zaure ya tafi.

Sai bayan an gama girbi aka sake shi, kuma yadda aka sake shi ya fi komai ci min rai. Ba bincike ne ya wanke shi ba, ba roƙon kowa ba ne. An kawo wani sabon jami'i wurin, wanda ya dawo daga aikin kwantar da tarzoma a Laberiya. Ya ga na'urar a kan tebur da ƙarfenta, ya sa mata batir, ya fita tsakar gida ya ɗaga ta sama, sai ya fashe da dariya. Ya ce wannan ai abin nuna hanya ne, sun yi ta amfani da irinsa a can. Ya sa aka fito da Aƙilu. Ya jujjuya ƙarfen Bahago yana gwada notin, ya ce aikin ya yi kyau, zai sa a motarsa. Sannan ya ce wa Aƙilu yana iya tafiya. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Wata da watanni na ran mutum, abin da ake buƙata kawai wani ya sa batir ya fita waje.

Motar kuwa mun same ta a bayan wani fili, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. An ɓalle dashbod da ƙarfe ana neman sauran bam ɗin, an farke kujeru, tayu biyu da batir sun yi ƙafa, ruwan damina ya shiga ta tagar da aka bari a buɗe. Aƙilu ya zagaya ta sau ɗaya. Janyo ta aka yi zuwa Zariya. Ya daɗe yana gyara ta kaɗan-kaɗan, kafinta ya yi masa katako a madadin dashbod. Ta tashi, amma doguwar tafiya ta ƙare masa, domin da kunne ɗaya ba ya jin motar da ke tahowa ta gefensa. Ya koma ɗaukar bulo da itace a kewayen birni.

Ya rage faɗa bayan ya dawo, kuma ni na fi son lokacin da yake faɗan. Wata rana muna kasuwa wani dattijo ya riƙe masa hannu yana murna, ya ce shi daga ɗaya daga cikin ƙauyukan nan yake, har yanzu suna nan sun kewaye wurin da su Zailani suka kafa turken alamar rijiya, yaushe masu haƙa za su zo? Aƙilu ya juya masa kunnen dama, mutumin ya maimaita. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Ni ma ƙarya aka ba ni na kawo muku." Ranar bai ci abinci ba.

A 1999, bayan soja sun sauka, aka sa ranar auren Safiyatu da wani malamin firamare da ta zaɓa da kanta. Zailani lokacin an ƙara masa girma. Ana saura kwanaki kaɗan biki sai ga direbansa da buhunan shinkafa, da jarkokin mai, da rago, ya ce gudummawa ce daga Injiniya. Aƙilu ba ya gida aka sauke a zaure. Da ya dawo ya gani, ya juya motarsa ya kawo bayanta bakin ƙofa.

Dattawan unguwa suka taru, har da limaminmu. Suka ce yaron ya gane kuskurensa, wannan hanyarsa ce ta neman gafara, Musulmi ba ya riƙe ɗan'uwansa a zuci.

"Allah gafarta Malam," in ji Aƙilu, "ya ce ya yi kuskure? Wa ya ji? Shinkafa na gani. Ku kuma da ake neman wanda zai tsaya min, ban ga taro irin wannan ba."

 Ni da Bahago muka taya shi lodi, na shiga gaba muka tafi Tudun Jukun da rana tsaka. Ya sauke buhunan a bakin get ɗaya bayan ɗaya, ya jera jarkokin, ya ɗaure ragon a jikin ƙarfen ƙofa. Akwai baƙi a gidan, wasu suka fito kallo. Zailani ya fito cikin farar shadda, ya yi ƙiba.

"Baba, don Allah mu shiga ciki mu yi magana."

"A waje ka ce ba ka san ni ba, a waje za ka gyara. Ba na son komai naka. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa na'urar nan kai ka kawo ta, kai ka sa aka ɗaura ta a motata. Shi ke nan, in tafi."

Zailani ya dubi baƙinsa, ya dubi maigadi. Ya ce, "Baba, abin da ya wuce ai ya wuce."

Aƙilu ya juya masa baya. Sannan ya shiga mota ya tayar.

Da muka kusa ganuwa ya gangara gefen hanya ya kashe inji. Ya dafa sitiyari yana kallon hanya.  Masu keke suna wuce mu, wata mai tallan gyaɗa ta leƙo ta ga fuskarsa ta yi gaba. Can sai ya juyo ya dube ni.

"Ka gama ɗinkin kayan auren yarinyar nan?"

Na ce saura riguna biyu da aikin wuya.

"To me kake yi a nan?" in ji shi, ya murɗa makulli.